Motar Ayah da Ɗigon Jan Farce

Matur, Lahadi da hantsi.

Zuwa ga ƙanena Afrizal, a Makassar.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Desmawati da yara, ya sa wa gidan abincinku albarka, ya raba ku da sharrin gari da na hanya. Mu nan lafiya lau, sai ruwan sama da ya ƙi ɗagawa tun farkon wata, har rufin ɗakin girki ya koma yoyo a wurin da ka toshe da hannunka kana cika baki. Iyayenmu suna nan da sauƙi. Amak na fama da gwiwarta kamar kullum, Ayah kuwa shi ne dalilin wannan takarda. Maigidana yana wurin aikinsa a Padang, sai ƙarshen mako muke ganinsa. Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga wadda ke da lambarka. Dalili shi ne a waya ba ka barin mutum ya kai aya, maganar kuma tana da tsawo, ina so ka ji ta a jere yadda ta faru.

Mako biyar da suka wuce, ranar kasuwar Maninjau, Ayah ya loda mazarƙwailar mutanen Lawang kamar yadda ya saba, Amak na gefensa, suka kama gangarar tafki. A lanƙwasa ta ashirin da uku cikin arba'in da huɗun nan birki ya yi zafi ya ƙi kamawa. Ayah bai yi wata-wata ba, ya karkata sitiyari ya jingina motar da jikin tudu, ta gurje gefenta ta tsaya. Fitila ɗaya ta fashe, Amak ta fasa goshi aka yi mata ɗinki uku, mazarƙwaila ta watse a titi birai suka yi walima. Iyakar ɓarnar ke nan, mun gode Allah. Ba mu gaya maka ba saboda Amak ta hana, ta ce kana iya rufe shago ka hau jirgi a kan ɗinki uku.

Washegari Kawu Darwis ya zo, sanye da hular nan tasa ta zaman shawara, ka san idan ya sa ta ba hira ta kawo shi ba. Ya ce a sayar da motar wa masu tsohon ƙarfe, mutum mai shekara saba'in da ɗaya ba shi da abin nema a gangarar tafki, kuma kan ƙanwarsa ba kwakwa ba ne da za a riƙa fasawa ranar kasuwa. Ayah na zaune yana kallon kofin shayinsa, bai ce uffan ba. Na ɗauka girman kai ne.

Kai ma ka san inda maganar ke ciwo. Gidan nan na Amak ne, daga uwarta ta gada, ni kuma zan gada daga gare ta. Gonakin shinkafa haka, itatuwan kirfa na bayan gida haka. Shekarar Ayah arba'in da shida a gidan nan, amma yana nan a matsayin da ya shigo da shi, mijin 'yar gida. Idan dangi suka zauna shawara ana ba shi shayi, ba a tambayar ra'ayinsa. Abin da ya saya da guminsa, wanda sunansa ke jikin takardarsa, tsohuwar motar nan ce kaɗai. Kawu ba shi da iko a kan mota, amma yana da iko a kan ƙanwarsa da mu 'ya'yanta, kuma idan ya ce kada wani ɗan gidan ya ƙara shiga, to an gama. Shi ya sa na buɗe baki na ce laifin mota ne ba na direba ba, a bari a gyara ta. Kawu ya dube ni ta saman tabarau ya ce tun yaushe malamar lissafi ta koma bakanike, amma ya ba ni zuwa Juma'ar ƙarshen wata. Idan ta gyaru Ayah ya ci gaba da tuƙinsa, idan ba ta gyaru ba masu ƙarfe su zo da motarsu.

Ba da ka na yi maganar ba. Na daɗe ina lura cewa da zarar an tayar da motar sai ta kama gurnani kamar an taka totur, alhali ƙafar kowa ba ta kai. Giya ba ta shiga sai da ƙara, mai ba ya jimawa a tanki, in an kashe ta kuma sai ta yi ta karkarwa kafin ta yi shiru. Na kai ta wurin Uda Nalis, wanda ya koyi aiki a hannun Ayah tun kana rarrafe. Yanzu kansa ya yi fari, yana da garejinsa a bayan kasuwa, amma har yau idan Ayah ya shigo sai ya ɓoye sigarinsa a baya yana kiransa Maigida. Yana jin ƙarar ya ce silo ne ya hau. Ya nuna mini allurar da ke gaban direba, ya ce motar da aka bari tana aiki ba a taka ta ba, wurin ɗari takwas ya kamata allurar ta kwanta, tamu kuwa ta kusa ninka haka. Ya ce a gangara inji ne ke riƙe mota idan an sa ƙaramar giya, to injin da ke tura ta gaba ya bar wa birki aikin mutum biyu, dole ya yi zafi ya saki. Na ji daɗin wannan bayani ƙwarai, domin ya wanke Ayah tas.

Na tsaya a kansa har ya gama, don ka san ba na yarda da amsar da ban ga yadda aka samo ta ba. Ya fara da mafi sauƙi, ya ɗaga tabarmar ƙafa ya duba ko ita ke danne totur, ba ita ba ce. Ya bi wayar totur da yatsa har kan kabireto, ya ja ya saki ya ga tana komawa wurinta. Ya duba cok, abin da ke taimaka wa inji tashi da sanyi, ko ya maƙale bayan inji ya ɗumama, shi ma lafiya lau. Daga nan ya ce saura iska ta ɓarauniyar hanya, domin idan wani tiyo ya tsage inji ya shaƙi iskar da ba a auna masa ba, sai ya yi ta hawa. Ya riƙa fesa ɗan mai a kan tiyo ɗaya bayan ɗaya yana kasa kunne, a kan na huɗu ƙarar ta canza, ya ciro shi, ga tsaga nan kamar bakin kifi. Ya sa sabo, ya wanke kabireto, sannan ya ɗauki sukudireba ya juya wani ɗan sukuru da ya ce shi ne na silo, har allurar ta sauko. Na lura ya daɗe yana kallon kan sukurun nan kafin ya taɓa shi, amma ban kawo komai a raina ba. Ayah kuwa yana tsaye yana ta sababi, wai Nalis ya shaƙe masa mota, tana gab da mutuwa, shekara talatin da koya masa aiki amma har yau kunnensa na katako ne. Uda Nalis kuwa sai “haka ne, Maigida” yake ta cewa.

Kwana biyu da dawowarta gida ta koma gurnaninta. Na mayar da ita. Wannan karon ya kwance kabireton gaba ɗaya, ya canza gaskit ɗin da ke ƙarƙashinsa ko da can ne iska ke shiga, ya sake saita silo. Kwana ɗaya ta yi. Karo na uku na je ni kaɗai a babur, raina a ɓace, na ce masa ko dai bai iya ba ne ya faɗa mini in nemi wani a Bukittinggi, don ni a ajina lissafi ba ya ba da amsa biyu. Bai ji haushi ba. Ya goge hannunsa a tsumma ya fi sau biyar, ya yi zancen ruwan sama, ya yi zancen tsadar barkono, daga ƙarshe ya ce akwai motar da ba a samun ciwonta a gareji, sai a gida. Na ce ya yi mini magana a fili. Ya ce shi a hannun mutumin ya ci abinci, ba zai iya ba. Sai ya tambaye ni ko ina da jan farce. Da yamma ya zo gida lokacin da Ayah ke masallaci, ya sauko da silo, ya ɗiga jan farcen a kan sukurun ya haɗa shi da ƙarfen da ke gefensa, ya ce in duba da safe, kada kuma in tambaye shi komai.

Ban ma kai ga duba ɗigon ba. Bayan sallar asuba, gari ya fara haske, ina ɗora ruwan shayi sai na hango Ayah ta tagar ɗakin girki. Ya tayar da motar, ya buɗe murfin inji, ya tsaya jim, sannan ya sunkuya har kunnensa na neman taɓa ƙarfe. Ya ciro sukudirebar nan mai ƙotar katako daga aljihu ya fara juya sukurun kaɗan-kaɗan. Ƙara na hawa, yana ƙara juyawa, har gilashin tagar ya fara rawa, kajin maƙwabta suka watse. Sai a lokacin ya miƙe, ya gyaɗa kai, ya yi murmushin nan da yake yi idan aiki ya yi kyau. Na fita na tsaya taku uku a bayansa na kira shi. Na sake kira da ƙarfi. Na kira na uku har Amak ta leƙo daga ɗaki. Bai juyo ba. Rizal, Ayah bai taɓa saita mota da allura ba, da kunne yake yi, da shi ya yi suna tun daga nan har Padang. Yana nan yana saita ta daidai inda yake jin ta, sai dai inda yake jin ta ne ya yi nisa.

Na koma ciki. Abubuwa da yawa suka dawo mini waɗanda na gani na ba su wata fassara. Rediyon da yake ƙure wa murya muna cewa son labarai ne. Rumfar kofi da ya daina zuwa, shi da ba a gama gardamar siyasa sai da shi. Shirun da ya yi wa Kawu, wanda na kira girman kai, ashe bai san ana sayar masa da mota a gabansa ba. Na sami Amak tana kankare kwakwa na tambaye ta tun yaushe. Ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce ya fi shekara. Na ce me ya sa ba ta faɗa ba, ta ce in faɗa wa wa, yayana? Sai ta ce ina tsammanin don son kifin tafki take bin sa kasuwa da wannan gwiwar? Ka san a gangarar nan kowa hon yake dannawa kafin ya sha kwana, mai saukowa ya ba mai hawowa hanya. To idan ta ji hon sai ta taɓa masa gwiwa, shi kuma ya rage gudu ya matsa gefe. Ta ce ba su taɓa yin maganar da baki ba, ko sau ɗaya. Rannan ta fara, ya gane, suka ci gaba.

Zan gaya maka gaskiya, niyyata ita ce in yi wa Kawu ƙarya. Na shirya cewa Uda Nalis ya zo da safiyar Juma'a ya sauko da silo, Kawu ya ji da kunnensa mota ta gyaru, ni kuma in ɓoye sukudirebar in ce ta ɓata. Na san hakan bai magance hon ba, na san gwiwar Amak ba za ta iya wata shekara ba, amma ban ga yadda zan tsaya a tsakar gida in karɓe wa mutum abu ɗaya da ya mallaka ba. Uda Nalis ya zo, ya saita ta, ya sake ɗiga jan farcen. Kawu ya iso da hularsa, muka tsaya a tsakar gida mu huɗu da Amak, mota na aiki a hankali, lumus, kamar kyanwa a cinya. Kawu ya zagaya ta yana taɓe baki, ya ce ba laifi.

Sai Ayah ya fito daga wanka, da farar rigarsa ta masallaci. Ya dubi motar, ya dubi Uda Nalis, ya girgiza kai ya ce ai ga shi nan, ya faɗa, an shaƙe ta har ta mutu. Kafin wani ya motsa ya shiga ya murɗa makulli. Ka san ƙarar da mota ke yi idan aka tayar da ita tana kan aiki, kamar an ja ƙarfe a kan dutse. Wannan kam ya ji ta, ko dai a hannunsa ya ji. Ya saki makullin, ya dubi allurar tana kwance a ɗari takwas tana ɗan motsi. Ya fito, ya ɗora tafin hannunsa a kan murfin inji, ya bar shi a nan. Ban san ko minti nawa ba ne. Uda Nalis ya kafa ido a ƙasa, Amak na gyara ɗankwalin da ba abin da ya same shi.

Da ya ɗaga hannun sai ya juya wajen Kawu ya ce, da ƙarfi kamar yadda yake magana yanzu, “Darwis, mota lafiyarta ƙalau. Nalis ya iya aiki. Ni ne ba na jin ta.”

Ya zare makullin ya miƙo mini, ya wuce masallaci tun lokaci bai yi ba. Kawu ya ce a ba shi shayi. Ya sha rabi, sannan ya ce masu tsohon ƙarfen nan ma duk macuta ne, mota mai lafiya ba a kai musu ita, wanda ya ga zai iya tuƙawa a gidan ya tuƙa. Ya cire hularsa ya sa a aljihu, maganar sayarwa ba ta sake tasowa ba.

Yanzu ni ce direba. Uda Nalis na koya mini a filin makaranta bayan an tashi, ran kasuwar da ta wuce kuma na sauka tafki karon farko, da ƙaramar giya tun daga sama har ƙasa, motocin baya na ta zagina. Amak ta zauna a gida ta miƙe ƙafarta. Ayah ne a gefena, tafinsa a kan allon gaba, ta nan yake jin inji, kuma kafin in ankara ya ce canza, bai taɓa kuskure ba. Ya ce ina sa giya kamar mai dakan barkono, kuma da ya san 'yarsa ce za ta gaje shi da ya sayi keken shanu. Na kai shi wurin likita a Bukittinggi, an ce kunnuwan biyu ne, shekarun ƙarar inji da tsufa, ba za su dawo ba. An ba shi ɗan abin sawa a kunne, ya sa kwana biyu ya ce fito yake yi masa, yanzu yana cikin gwangwanin da yake ajiye tsofaffin fulogi. Ban matsa masa ba tukuna.

Ga abin da ya shafe ka. Sau uku kana yi mini ƙorafi cewa idan ka kira, Ayah sai ya ce to, to, Alhamdulillahi, ya miƙa wa Amak waya, kuma ka ɗauka fushi yake yi don ba ka zo Sallah shekara biyu ba. Har ka ce mini tunda haka ne kai ma ka daina nemansa. Ba fushi yake yi ba. Amak ta ce duk ranar da ka kira, bayan an kashe waya sai ya zaunar da ita ta maimaita masa abin da ka faɗa ɗaya bayan ɗaya yana kallon bakinta, idan ta tsallake wani abu ya gane ya ce ta koma. Saboda haka ba kuɗi nake nema ba, ba kuma cewa nake ka rufe shago ka taho ba, kodayake idan ka zo ba wanda zai kore ka. Ka rubuto masa takarda, da sunansa a bayan ambulan ba na Amak ba, ka kuma ƙara girman rubutun nan naka mai kama da tafiyar tururuwa.

Har yau yana fita bayan asuba. Yakan karɓi makulli a wurina, ya tayar da ita, ya buɗe murfin, sukudirebar na aljihunsa ina ganin ƙotarta. Yakan ɗora hannu ya tsaya, sannan ya rufe ya dawo mini da makullin. Ni kuma idan ya shiga ciki nakan je in leƙa. Yau kwana tara ke nan, ɗigon jan farcen yana nan bai tsage ba.

Ka gaishe mini da Desmawati, ka ce mata garin kirfar da ta nema yana nan tafe ta hannun ɗan innarmu Etek Rosna. Ka shafa mini kan Fadlan da Nuraini. Amak na gaishe ku, ta ce kada ka kuskura ka tayar da maganar goshinta. Kawu Darwis da Uda Nalis suna gaisuwa. Na rubuta wa Ayah a bayan kwalin shayi cewa takarda nake yi maka, ko yana da saƙo. Ya yi tunani, ya ce in gaya maka ƙarar nan da ya ji a motar cefanenka, ranar da ka kira shi kana tuƙi, bel ne ya saki, ka canza shi tun bai tsinke maka a hanya ba. Na tambayi Amak yaushe aka yi haka, ta ce azumin bara waccan. Ina jin ita ce magana ta ƙarshe da ya ji daga wurinka da kunnensa.

Allah ya tsare, ya sada mu da alheri.

Yayarka,
Uni Yusnidar